Tsohuwar Akori-Kura: Yadda Ake Nemo Mata Wili Da Taya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Sabon Birni ko ta Isa ya san tsohuwar akori-kura. Ita ce ke ɗauko gero da wake daga Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle. Ita ce ke kai awaki da albasa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ta Goronyo ranar Lahadi. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare a ƙauye, ƙofar mai ita ake bugawa. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaure da igiya, amma suna nan suna tafiya, da tsohuwar zuma ake magani.

Injin irin wannan mota ba ya gagarar bakanike. Ana sauke shi, a wanke, a sa masa zobe sabo, ya tashi. Bodi ma mai walda yana iya lallaɓa shi. Abin da ba a ƙerawa a gareji shi ne wili da taya. Waɗannan sai an saya, kuma a wurin sayen nan ne ake cutar masu motoci da yawa, a wurin ne kuma wasu ke cutar kansu da kansu.

Maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. A da, in taya ta fashe a dajin Gundumi, abin da direba ya yi asara lokaci ne kawai. Fasinjoji su sauka su sha inuwa, karen mota ya ɗauko jak. Amma tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Jihar Sakkwato, tsayuwar rabin sa'a a tsakiyar daji ta zama abin da kowane direba ke roƙon Allah Ya tsare shi da ita. Taya mai kyau a yau tana cikin kayan tsaron rai.

Abin da ya sa suka yi wuyar samu

Mafi yawan tsofaffin akori-kuran wannan yanki Peugeot ne, wadda jama'a ke kira fijo, wato 404 da ƙanwarta 504. Akwai kuma tsofaffin Toyota Hilux da Datsun da Land Rover jefi-jefi. Fijo ta yawaita ne saboda a gida ake harhaɗa ta. An buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har zuwa 2006, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Sai kowa ya rungumi tsohuwarsa.

A wancan zamani taya ma a gida ake yin ta. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja ta Legas. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008. Daga nan sai kasuwa ta koma hannun masu shigowa da taya daga waje, musamman daga Sin da sauran ƙasashen Asiya. Ɗan kasuwa kuwa abin da ke tafiya yake saro wa. Ba zai cika shagonsa da awon motar da aka daina ƙerawa ba. Shi kuwa wilin fijo, sai dai na kwance, wato wanda aka cire daga jikin wata motar da ta mutu.

Wili ba a sayensa da ido

Kuskure na farko da masu mota ke yi shi ne zaton duk wilin fijo ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ƙaramar 404 ta shiga noti uku gare ta a kowace ƙafa. Ƙaramar 504 noti huɗu, a kan wili mai inci 14. Akori-kurarsu kuwa, wadda aka yi don kaya, noti biyar gare ta a kan wili mai inci 15. Wanda ya aika yaro Sakkwato ya ce a sayo masa "wilin fijo" kurum, yana iya samun abin da ko kusa ba zai shiga ba.

Ko da yawan hudojin ya zo daidai, aiki bai ƙare ba. Hilux marar giyar taimako noti biyar gare ta, Land Rover ma biyar, akori-kurar fijo ma biyar, amma babu wadda wilinta ke shiga wa 'yar'uwarta. Dalili shi ne hudojin suna zaune ne a kan wani da'ira, kuma faɗin da'irar ya bambanta. Na Hilux ɗin milimita 114 ne da ɗan ɗoriya, na Land Rover kuwa milimita 165. Hilux mai giyar taimako da tsohuwar Datsun noti shida gare su, a kan da'ira mai milimita 139 da ɗoriya.

In hudojin huɗu ne ko shida, awon ba wuya. A ɗora ma'auni daga tsakiyar huda ɗaya zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta. In biyar ne kuwa, babu hudar da ke fuskantar wata kai tsaye, don haka awo da zare yakan ruɗar da mutum. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a sami kwali ko takardar buhun siminti, a kifa tsohon wilin a kai, a zana hudojin duka da fensir, har da babbar hudar tsakiya. A yanke su, a ninke takardar a sa aljihu. A kasuwa sai a ɗora ta a kan wilin da ake ciniki. In huda ɗaya ta kauce ko da kaurin tsinke ne, a bar shi. Wanda ya iya ɗaukar tsohon wilin dungurungum ya tafi da shi, ya fi.

Akwai abu na uku da takarda ba ta nunawa, shi ne zurfin cikin wilin. Wani wilin yana tura taya waje, wani yana jawo ta ciki. In ta shige ciki da yawa za ta riƙa gugar sifirin ko ƙarfen sitiyari. In ta fito waje da yawa, nauyi zai koma kan boris ya cinye shi da wuri. Saboda haka sai a kwantar da tsohon wili da sabon a ƙasa gefe da gefe, a gitta sanda a bisa kowanne, a auna daga sandar zuwa inda wili ke manne wa ƙafar mota.

Wasu in wili ya ƙi shiga sai su kai wa mai walda ya faɗaɗa hudojin, ko a goge su da magagari. Wannan ganganci ne. Bakin kowace huda an yi masa mazauni ne daidai da gindin noti. In aka ɓata mazaunin, noti ba zai kama sosai ba, tafiya kaɗan a kan gargada sai ya fara kwancewa. Irin wannan na iya sa ƙafar mota ta fita ta wuce motar a guje.

Wurin nema kuwa, daga kusa ake farawa. A fara da garejin garin, a tambayi makanikai ko akwai wata mota da aka kwance. Daga nan sai wajen makanikan Buzaye a Sakkwato. In ba a dace ba, sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda ake tara kayan kwance iri-iri. Masu dogon hannu sukan aika har Ladipo a Legas. Tsallaken iyaka ma fijo ta yi zamani sosai, kuma mutanen Gobir ba baƙi ba ne a Tsibiri da Maraɗi da Madawa, sai dai harkar iyaka ba ta da tabbas. An rufe ta a 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wanda ya ba da kuɗinsa a can, ya san yadda kayan za su iso. A can ba a cewa wili, janti suke cewa.

Akwai kuma wani wuri da ba a cika tunawa da shi ba, wato wajen masu ƙera amalanken shanu da na jakuna. Shekara da shekaru suna saye ƙafafun matattun motoci suna ɗora wa amalanke. Wilin da aka rasa a birni, wani lokaci yana nan a bayan gari ƙarƙashin amalanken wani manomi, kuma mai amalanke ba ruwansa da irin wilin in dai za a ba shi wani da ɗan abin goro.

In an samu, a wanke shi tas kafin a biya, domin laka da baƙin mai suna ɓoye tsaga. A duba kewayen hudoji, nan ne tsaga ke farawa. A duba leɓen wilin ko ya lanƙwashe, a duba ciki ko tsatsa ta ci shi ta yi rami. A mirgina shi a daɓe mai laushi a ga ko yana rangaji. Wilin da aka taɓa yi wa walda a tsakiya, amalanke ya dace da shi, ba mota mai ɗaukar mutane ba.

Rubutun da ke jikin taya

A nan ne wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ke cin ribar karatunsa. Kowace taya tana ɗauke da bayanin kanta a gefenta: awonta, ƙarfinta, da ranar haihuwarta. Mai sayarwa zai iya faɗin abin da ya ga dama, amma rubutun nan da zubin robar aka yi shi. Ba a bukatar Turanci, haruffa kaɗan ne da lambobi.

A ɗauki misalin taya mai rubutu kamar haka: 195 R 15 C. Lambar farko, 195, faɗin tayar ne da milimita. Harafin R yana nufin zaren cikinta a gicciye yake daga leɓe zuwa leɓe, wato irin saƙar zamani mai waya a ƙarƙashin zane. Lamba 15 ita ce faɗin wilin da za ta hau, da inci. Taya mai 14 ba ta hawa wili mai 15, komai ƙarfin mai faci. Harafin C kuwa shi ne mafi muhimmanci ga mai akori-kura, don yana nufin an yi ta ne domin motar kaya. A kusa da shi akan ga 6PR ko 8PR, alamar ƙarfin saƙar. Takwas ta fi shida.

A tsofaffin takardun fijo akan ga an rubuta 380 a wurin awon wili. Kada wannan ya ruɗa kowa. Faransawa ne suka rubuta da milimita, kuma daidai yake da inci 15. Tsohuwar Land Rover kuwa rubutunta dabam ne, 7.50-16, wato duka da inci. In aka ga ɗan layi a tsakiya maimakon R, tsohuwar saƙa ce wadda direbobi ke kira nailan. Ba a haɗa mai R da nailan a ƙafa biyu masu fuskantar juna, don ba sa lanƙwasa iri ɗaya, mota za ta riƙa ja gefe, musamman wajen taka birki.

Asalin awon da aka yi wa tsohuwar mota yana iya ɓacewa daga kasuwa. In haka ta faru, sai a nemi mafi kusa da shi a tsayi da faɗi. Masu wili mai inci 15 sun yi sa'a, domin 195 R 15 C ita ce awon bas-bas ƙirar Hiace da suka cika hanya, saboda haka ba ta yankewa a shaguna. Amma a gwada tukuna. A ɗaura ɗaya a gaba, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a tabbata ba ta gugar komai. A baya kuma a duba bayan an yi lodi, ba lokacin da mota ke wayam ba.

Yanzu ga inda ake yawan faɗawa rami. Tayar ƙaramar mota mai rubutu 195/65 R 15 ita ma tana hawa wili mai inci 15, ta fi yawa a wajen masu gwanjo, ta kuma fi araha. Mai mota sai ya ga 195 da 15 ya ce ai duk ɗaya ne. To a duba lambar da ke biye. A jikin ta ƙaramar mota akan ga 91, a jikin ta kaya kuwa 106. Wannan lamba ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Lamba 91 tana nufin kilo 615, lamba 106 kuwa kilo 950. Bambancin kilo 335 ke nan a kowace ƙafa. A ƙafafun baya biyu, inda kaya ke zama, ya kama kilo 670, kusan buhu bakwai na gero. Ga shi kuwa ita akori-kurar fijo don kayan da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba aka yi ta, wato wajen buhu goma, alhali kowa ya san abin da ake lafta mata ranar kasuwa, ga mutane a bisa kayan. Bayan haka ta ƙaramar mota ta fi gajarta, tana rage wa mota tsayi daga ƙasa da wajen santimita uku. A kan kwalta ba komai ba ne, amma a yashin bakin gulbi shi ne bambancin wucewa da kafewa. Araha ba ta ado.

Ranar haihuwar taya

A gefen taya akwai wani dogon layi da ya fara da haruffa DOT. A ƙarshensa akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar ne a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake sa su, sai a juya tayar. In lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, ko kyauta aka bayar kada a ɗaura.

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tana bushewa, ta yi ƙananan tsage-tsage kamar faso, zafin rana kuma yana gaggauta abin. A wannan yanki da zafin bazara ke wuce digiri 40, taya ba ta kai shekarun da take kaiwa a Turai. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi cewa taya ta wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi ta, ta gama aiki. Wasu kamfanonin taya sun fi sassauci, suna cewa a riƙa bincikarta bayan shekara biyar, a jefar in ta kai goma. Ko wanne aka ɗauka, tayar da ta shekara takwas a sito ba sabuwa ba ce, ko da ledarta na jiki.

Tayoyin gwanjo kuwa, dokar kwastan ta hana shigowa da irin na ƙananan motoci da akori-kura, amma suna nan jibge a kasuwa, kuma gaskiya ita ce su ne mafi yawan masu mota ke iya saye. Wanda ba shi da makawa sai ya buɗe ido. Bayan shekara, ya duba zanen. A cikin kwarin zane akwai wasu 'yan tuddai na roba, tsayinsu milimita 1.6. In zane ya suɗe ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Ya lura ko an sake sassaƙa zanen da wuƙa mai zafi, domin akwai masu yi wa suɗaɗɗiyar taya haka, su shafe ta da baƙin mai ta yi ƙyalli. Sassaƙaƙƙen zane ba ya daidaita, kuma wani lokaci ana hango waya a ƙasansa. Ya sa hannu ciki ya shafa ko'ina, ya ji ko akwai faci ko zare da ya tashi. Ya duba leɓen, don masu fasa-ƙwauri sukan cusa taya uku ko huɗu cikin juna don rage kuɗin dako, wayar leɓe ta karye. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefenta kuwa ta lokacin sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, zafin kwaltar Goronyo zai cinye ta nan da nan. In an hura iska aka ga ƙululu ya fito a gefe, zaren ciki ya tsinke, babu facin da ke maganinsa.

Wanda kuɗinsa bai kai na huɗu ba, ya sayi biyu iri ɗaya ya sa su a baya. Safaya kuma kada ta zama juji. Direbobi da yawa sukan ajiye mafi lalacewa a matsayin safaya, sai ranar da aka bukace ta a ga ba iska, ko ta yi kilomita biyar ta bi 'yar'uwarta.

Yawancin tayoyin yanzu marasa tif ne. Suna bukatar wili mai lafiyayyen leɓe wanda ba ya sakin iska. Tsohon wilin da tsatsa ta taɓa, gara a kankare shi, a shafa fenti, a sa tif mai awo daidai da tayar. Tif da ya yi girma yana ninkewa a ciki ya tsage. Kada a kusantar da wutar walda ga wili alhali taya na jikinsa, ko da an sace iskar, domin zafi na iya fasa ta ta kashe mutum. Wilin da ke da zobe a leɓe, irin na manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser, mai faci ya juya zoben ƙasa ko wajen bango, ya kauce daga gabansa yayin hurawa.

Wajen ɗaure noti, ba a bin su a jere. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa na ƙetarensa, har a gama, sannan a sake zagayawa. In an yi tafiyar kamar kilomita 50, a tsaya cikin gari a sake matse su, don sabon wili yakan zauna noti ya yi sako-sako.

Iska kuma da geji ake aunawa, ba da bugun ƙarfe ko harbi da ƙafa ba, kuma da safe kafin mota ta motsa. Ƙarancin iska ya fi yawanta kashe taya, domin gefenta yana ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta fashe. Direban da ya rage iska don ya ratsa yashi a hanyar Burkusuma ko ta Gangara ya yi daidai, amma da ya hau kwalta ya nemi mai faci na farko ya mayar. In taya ta yi zafi a hanya iskarta ta ƙaru, kada a sace, za ta sauka da kanta in ta huce. Da kaka kuma a kiyayi ratsa gonakin da aka girbe, don tushiyar dawa da ƙayar aduwa gefen taya suke huda, inda faci ba ya kamawa.

Wadda aka sauke ba ta zama asara duka ba. Mai amalanke zai saya, dukawa su yanka takalma, tif ɗin kuma a ɗinka guga. Sai dai kada a bar ta yashe a tsakar gida da damina, ruwan da ke taruwa a cikinta sauro ke haihuwa a ciki.